Kafin Ka Sayi Ƙaramar Bindigar Aljihu

Tun da garkuwa da mutane ta yi ƙamari, sau da yawa nakan ji ɗan kasuwa yana cewa zai nemi 'yar fistol ya riƙa sakawa a aljihun kaftani. Na fahimci tsoron da ke kai mutum ga wannan tunani, amma ɗan'uwa, fara sanin matsayin doka.

Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun bindigogi, rukuni ɗaya da bindigogin yaƙi. Lasisinta daga Shugaban Ƙasa kaɗai yake fitowa. Bindigar farauta ce Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da izininta, bindigar toka kuma kwamishinan 'yan sandan jiha. Wanda aka kama da fistol ba lasisi na iya shan ɗaurin shekara 10. Ko a 2022 da gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi bindigar kare kai, wannan doka ba ta canza ba. Duk wanda ya ce zai haɗa maka takarda ta bayan fage, rami yake haƙa maka.

Kar kuma ƙanƙantarta ta ruɗe ka. Gajeren hancinta da rashin nauyinta kan sa saiti ya yi wuya, harsashinta kaɗan ne, su kuwa maharan da AK-47 suke zuwa, a gungu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yara: abin da ya shiga aljihu, hannun ɗan shekara biyar ma zai iya ɗauka.

Kuɗin sayen fistol ɗin ka sa shi a ƙofar ƙarfe, fitilun waje da kuɗin sintirin unguwa, ka kuma rage tafiyar dare.