Idan Takarda Ta Maƙale A Firinta

A ƙarshen zangon karatu na uku da ya wuce, ana saura kwana biyu a fara jarrabawa, mun tsaya mu huɗu a ofishin makaranta muna kallon firinta kamar masu jinya. Takarda ta shiga, ta ƙi fita. Wani daga cikinmu, da kyakkyawar niyya, ya ɗauki almakashi ya zaƙulo ta. Ta fito kuwa, amma tun daga lokacin kowane shafi da aka buga sai ya zo da baƙin tabo, domin bakin almakashin ya karce gangar da ke cikin injin. Dole muka ɗauki tambayoyin jarrabawa zuwa shagon buga takardu a gari, malami yana tsaye a kan mai shago har aka gama, gama babu wanda yake so tambayoyinsa su kwana a hannun baƙo. A wannan Lahadin ma, tsarin sujada a allo aka rubuta shi. Saboda haka muka ga ya dace mu rubuta abin da muka koya, domin amfanin ɗalibai, ma'aikatan ofis, da sakatarorin ikilisiya masu aron firintarmu.

Da farko sai mu san hanyar da takarda take bi. Muna magana ne a kan firinta irin ta leza, wadda take aiki da garin tawada da ake kira tona. Wani ɗan taya na roba yana jawo takarda ɗaya daga cikin tire, wata 'yar roba kuma a ƙarƙashinsa tana riƙe sauran don kada su bi ta. Takardar ta wuce jikin ganga, inda garin tona yake sauka a kanta da siffar rubutun. Daga nan ta ratsa tsakanin wasu tayoyi biyu masu zafi, zafin da yake kaiwa wajen digiri 200, ninki biyu na tafasasshen ruwa, su narkar da garin ya manne. Duk wannan tafiya an auna ta daidai da takarda mai kaurin kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. In takardar ta sake hali kaɗan, tafiyar ta lalace.

Mu kan ɗora wa injin laifi, amma sau da yawa matsalar ta fara ne tun a wurin ajiya. Takarda daga itace aka yi ta, tana shan danshin iska kamar yadda gishiri yake yi a kicin. Da damina, rim ɗin da aka buɗe aka bari a kan tebur yakan sha danshi ta gefunansa, gefunan su kumbura su yi tudu da kwari, tsakiyar kuwa tana nan a bushe. In irin wannan takarda ta iso wurin zafi, ruwan jikinta ya fita da sauri, sai ta naɗe kamar tabarma, ta kasa samun ƙofar fita. Wani lokaci har ɗan tururi mukan gani yana tashi, wasu su firgita su ce injin ya kama wuta. Ruwan takarda ne kawai.

Da hunturu labarin ya juya. Iska ta bushe ƙwarai, takardun su manne wa juna saboda irin lantarkin nan da ke sa rigar sanyi ta yi tsartsatsi in muna tuɓe ta da dare. Sai firinta ta jawo biyu ko uku a haɗe. Ga kuma ƙura, wadda take kwanciya a kan tayan roba har ya yi santsi, yana juyawa amma ba ya kama kome. Ku lura cewa jarrabawar zango na ɗaya tana faɗowa a Disamba, ta zango na uku kuma a Yuli. Wato lokutan da muka fi bukatar firinta su ne lokutan da yanayi ya fi gāba da takarda.

Maganin ba shi da tsada. Fatar da aka naɗe rim da ita an yi ta ne don ta tare danshi, don haka kada a yage ta a jefar. A ɗebi abin da za a buga, a rufe sauran, a sa a kabad, ba a kan siminti ko jikin taga ba. Kafin a zuba takarda a tire, a kama gefe ɗaya a kaɗa ta iska ta ratsa tsakani, a buga gindinta a tebur ta daidaita. Akwai layi a jikin tire da ke nuna iyakar cikawa. Rim ɗaya takarda 500 ne, tiren ƙananan firintoci da yawa kuwa 150 ko 250 kaɗai yake ɗauka. (Ga 'yan ajin lissafi: takardar A4 kashi ɗaya cikin 16 ce na murabba'in mita, in an rubuta giram 80 a jikin rim, nawa ne nauyin takarda ɗaya, nawa ne na rim duka?) Tayan roba kuma a riƙa goge shi da tsumma mai tsabta da aka ɗan jiƙa da ruwa. Ban da kananzir, ban da fetur, suna cinye roba.

Mun san tsimi hali ne mai kyau, muna kuma yaba wa masu juya tsohuwar takarda su buga a bayanta. Amma a duba ta tukuna. Ƙarfen sitefula ɗaya da aka manta ya isa ya yaga fatar tayan zafi, kuɗin gyaransa kuma ya fi na rim da yawa.

To, in duk da haka ta maƙale fa? A kashe injin, a zare waya daga bango, a ba shi kamar minti goma sha biyar ya huce. A buɗe murfi, a ciro kwalin tona, a ajiye shi a inuwa a rufe da takarda, gama haske yana ɓata gangar. Sa'an nan a kama takardar da hannu biyu, a ja ta a hankali, ta inda take tafiya in da hali. Fizga ita ce take yaga ta, ita ce kuma take karya haƙoran tayoyin ciki. Kada ƙarfe ya shiga cikin injin, ko wuƙa ne, ko almakashi, ko allura. In garin tona ya taɓa hannu ko riga, da ruwan sanyi ake wankewa, ruwan zafi narkar da shi yake yi ya zauna daram.

Bayan an ciro ta, kada a yi saurin jefarwa, domin tana da abin faɗi. A shimfiɗa ta a tebur a ga ko cikakkiya ce. In wani lungu ya ɓace, yana ciki, kuma guntun da bai kai farce ba yana iya danne ɗan harshen roba da ke sanar da injin cewa takarda ta wuce, firinta ta yi ta kukan maƙalewa alhali babu kome a hanya. A tuna kuma da inda ta tsaya. In kullum a bakin tire ne, tayan jawowa ya yi ƙura ko ya tsufa. In a wurin fita ne, ta naɗe, danshi ne. In kuwa a wuri ɗaya take tsayawa ko da sabon rim ne, aikin ya fi ƙarfinmu, a kira mai gyara.

Yanzu mun manna waɗannan matakai a bango kusa da firinta, an kuma mai da almakashin ɗakin malamai. Tambayoyin jarrabawa za su iso ofis mako ɗaya kafin ranar, masu kawo tsarin sujada kuma muna roƙonsu su zo ranar Alhamis, ba Asabar da yamma ba.