Kafin mu sayi sabon batir, mu binciki na hannu

Idan kaka ta yi, motoci ne ke kwaso hatsi da wake da gujiya daga ƙauyuka zuwa kasuwannin Tasawa da Mayahi da Maraɗi. Idan naƙuda ta yi wa mace gardama da dare a Urafan ko Kanambakashe, mota ce ke kai ta gidan likita. Motar da ta ƙi tashi a irin wannan lokaci tana iya jawo asarar dukiya, har ma da ta rai.

Da zarar mota ta ƙi tashi, sai mu ce batir ya mutu. Sau da yawa kuwa batirin lafiyarsa ƙalau. Laifin yana ga mazauninsa, ko kawunansa, ko dainamon da ke yi masa caji. Saboda haka mu duba waɗannan uku kafin mu kashe kuɗi.

1. Mazaunin batir

Hanyoyin ƙauyukanmu yashi ne da gargada. Batirin da ba a ɗaure shi sosai ba yakan yi ta tsalle. Girgiza tana lalata cikinsa, tana kuma zubar da ruwansa. Wannan ruwa asid ne, yana cin ƙarfe. Shi ne ke sa mazaunin ya yi tsatsa ya ɓule.

Ga yadda za mu gyara:
- Mu kashe injin, mu zare makulli.
- Mu fara kwance waya mai alamar ragi (-), sa'an nan mai alamar ƙari (+).
- Mu ɗaga batirin a tsaye, kada mu karkata shi.
- Mu wanke mazaunin da ruwan kanwa, domin kanwa tana kashe kaifin asid.
- Idan ya bushe, mu kankare tsatsa, mu shafa fenti.
- Mu shimfiɗa yankin robar tsohuwar taya a ƙasa, mu ɗaure batirin da ƙarfensa da noti. Igiya ba ta isa ba.
- Wajen mayarwa, mai alamar ƙari ake fara ɗaurawa, mai alamar ragi a ƙarshe.

Idan mazaunin ya karye, mu kai wa mai walda. Amma sai an fitar da batir kafin ya fara aiki.

2. Kawunan batir

Wani farin gari ko kore yakan taru a kawunan batir, ya hana wuta wucewa. Mu wanke shi da ruwan kanwa da tsohon buroshi, mu kula kada ruwan ya shiga cikin batirin. Mu ɗaure kawunan tam, mu shafa musu giris kaɗan.

Batirin mota mai volt 12 yana da ɗaki 6. Zafin bazara yana ƙafar da ruwansu. Idan batirin mai murafu ne, mu buɗe mu duba sau ɗaya a wata. Ya kamata ruwa ya rufe farantan da ke ciki. Idan ya ragu, mu ƙara tataccen ruwan batir. Ruwan rijiya yana da gishiri-gishiri, yana kashe batir.

3. Caji

Dainamo ne ke cika batir idan injin yana aiki, bel kuma shi ke juya dainamo. Injin yana kashe, mu danna tsakiyar bel da babban yatsa. Idan ya lotsa fiye da santimita 1, ya yi sako-sako, sai a ja shi. Idan ya tsattsage, a sake shi.

A gaban direba akwai jar fitila mai hoton batir. Idan ba ta mutu ba bayan injin ya tashi, caji ba ya shiga.

Mai mitar awon wuta zai fi samun tabbaci. Cikakken batir yana nuna volt 12,6 idan injin yana kashe. Idan injin yana aiki, ya kamata awon ya hau zuwa tsakanin 13,5 da 14,5. Idan bai hau ba, mu kai dainamo wurin mai gyaran wutar mota. Idan ya wuce 15, caji ya yi yawa, zai dafa batirin.

Wasu sukan cire kan batir injin yana aiki don gwada dainamo. Mu bar wannan ɗabi'a, domin tana iya ƙona dainamon da sauran kayan wuta.

Mu kiyaye lafiyarmu

Batir yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji. Kada a sha taba kusa da shi, kada a haska shi da ashana. Idan asid ya fantsama a ido ko a fata, a wanke da ruwa mai yawa har minti 15, a garzaya gidan likita.

Idan kwankon batir ya tsage, kada mu liƙe shi da ƙarfe mai zafi. Kada kuma mu fasa tsohon batir don ciro darma. Darma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yara. A Thiaroye, kusa da Dakar ta ƙasar Senegal, yara 18 sun rasu tsakanin 2007 da 2008, saboda ƙurar darmar batiran da ake fasawa a unguwarsu. Mu ajiye tsohon batir nesa da yara da rumbu da rijiya, har mu mayar da shi wurin mai sayarwa. Bayan aiki, mu wanke hannu da sabulu kafin mu ci abinci.

Tambayoyi
1. Wace waya ake fara kwancewa?
2. Wane ruwa ake ƙara wa batir?
3. Me ya sa bai kamata a fasa tsohon batir ba?