Tukunyar mutanen Sisiliya

Yara, ku buɗe taswira. Ku ɗora yatsa bisa Nijar, ku yi arewa, ku ƙetare hamada har bakin teku. Sunan wannan teku Bahar Rum. A tsakiyarsa akwai wani babban tsibiri mai kusurwa uku kamar duwatsun murhu. Wannan ita ce Sisiliya, yanki na ƙasar Italiya. Ta fi dukan tsibiran wannan teku girma. Mutanenta sun kusa miliyan 5, babban birninta kuwa Palermo. Tsakaninta da sauran Italiya akwai mashigin ruwa na kilomita 3, tsakaninta da Tunusiya kimanin kilomita 150. Ke nan tana zaune tsakanin Turai da Afirka.

Mai gida a bakin hanya ba ya rasa baƙi. Al'ummomi da yawa sun sauka a Sisiliya, wasu da fatauci, wasu da yaƙi. Yawancinsu sun wuce, amma kowace ta bar wani abu cikin tukunya. In muka leƙa tukunyar, za mu ga tarihin tsibirin.

Girkawa da Rumawa

Wajen shekara 730 kafin haihuwar Annabi Isa, Girkawa suka fara kafa birane a gabashin tsibirin. Mafi shahara shi ne Sirakusa. Suka yawaita shukar zaitun da inabi. Har yau da man zaitun ake girki a can, kamar yadda mu muke girki da man gyaɗa.

A shekara ta 241 kafin haihuwar Annabi Isa, Rumawa suka karɓi yawancin tsibirin. Ƙasar tana yin alkama ƙwarai, sai suka mai da ita rumbun birnin Rum. Bayi ne ke noman manyan gandaye, jiragen ruwa suna kwashe hatsin. Masu noman ba su ƙoshi ba. Sau biyu bayin suka yi babban tawaye, aka murƙushe su.

Zamanin Larabawa

A shekara ta 827, wata runduna ta taso daga Tunusiya ta sauka a Sisiliya. Shugabanta wani malami ne, alƙalin Ƙairawan, mai suna Asad ɗan Furat. A 831 suka ci Palermo, suka mai da shi babban birni.

Rani a Sisiliya yana da zafi, ruwan sama kuma da ƙyar yake sauka a lokacin. Sababbin zuwan sun san dabarun ruwa. Suka haƙa magudanai a ƙarƙashin ƙasa, suka gina tafkunan ajiye ruwa, suka kai shi cikin garake. Da haka lemun tsami, da rake, da auduga, da baƙin yalo suka samu wurin zama. Wasu kalmomin Larabci ma sun shige cikin harshen tsibirin. Mu muna cewa sukari, su suna cewa "zuccaru". Mu muna cewa zabibi, su kuma suna da wani inabi mai suna "zibibbo". Mu da su wuri ɗaya muka aro.

Sarki Roje da malaminsa

Daga 1061 zuwa 1091, mayaƙan da asalinsu Normandi ne, a arewacin Faransa, suka karɓe tsibirin. A 1130 Roje na Biyu ya zama sarki. Shi Kirista ne, amma ya riƙe Musulmi a fadarsa. Ana rubuta takardun mulki da Larabci, da Girkanci, da Latin.

A fadarsa wani masani mai suna Al-Idrisi ya zana taswirar duniya, ya kuma rubuta littafi, ya gama a 1154. A ciki ya ba da labarin wani gari kusa da Palermo, mai suna Trabia, inda ake yin taliya da yawa, ana loda ta a jirage zuwa wasu ƙasashe. A cikin wannan littafi kuma ya yi zancen Kawar, yankin da Bilma take. Kun ga tun sama da shekara 800 da suka wuce, an rubuta sunan wani yanki na ƙasarmu a Palermo.

Tumatir ya iso

Daga baya Sisiliya ta daɗe a hannun sarakunan Ispaniya. Jiragensu ne suka ɗauko tumatir da koko daga nahiyar Amurka zuwa Turai. Da fari mutane suka ƙi cin tumatir, suna tsoron guba ce. A hankali ya shiga miya. Yau da rani ana shanya shi bisa katako a rana, kamar yadda mu muke yin kauɗa.

A 1860 Garibaldi ya sauka tsibirin da mutane kimanin 1.000. A 1861 Sisiliya ta shiga sabuwar ƙasar Italiya. Amma manyan gonaki suna hannun masu dukiya ƙalilan. Talauci ya kori dubban manoma zuwa Amurka neman abinci. A 1946 tsibirin ya samu ikon tafiyar da wasu harkokinsa da kansa.

Me suke ci?

Arancini: Ana dafa shinkafa, a cura ta kamar fura, a cusa nama da cuku a tsakiya. Sai a mirgina ta cikin garin burodi, a soya a mai har ta yi ja. Ma'anar sunan "ƴan ƙananan lemu", don ta yi kama da lemu.

Panelle: Ana dama garin wani irin wake mai kama da gujiya, a bari ya daskare, a yanka fale-fale, a soya. A bakin titi ake sayar da shi cikin burodi, kamar ƙosai a wurinmu.

Kaponata: Soyayyen baƙin yalo ne da albasa, da tumatir, da ƴaƴan zaitun. Ana zuba binegar da ɗan sukari, ya yi tsami-tsami da zaƙi-zaƙi.

Kuskus: A garin Trapani, can yamma, mata suna murza tsakin alkama da ɗan ruwa cikin babban kasko, su turara shi kamar dambu. Romon kifi suke zubawa a kai, domin su masunta ne. Wannan girki daga Afirka ta Arewa ya ƙetaro.

Granita: A gabashin tsibirin akwai Etna, dutse mai aman wuta, tsawonsa ya fi mita 3.300. Da sanyi ƙanƙara tana rufe kansa. Mutanen da sukan ɓoye ta cikin koguna, da zafi su sauko da ita, su haɗa da ruwan lemun tsami da sukari, su sha.

Girkin talaka

Wani sanannen girkinsu shi ne taliya da kifin sardin, da zabibi, da wani ganye mai ƙamshi da ake tsinkowa a daji. Ranar da babu kuɗin kifi, uwar gida takan dafa taliyar da sauran kayan, ta ce wa yara: yau sardin suna can teku. Sunan girkin ke nan: taliya da sardin na teku. In babu cuku kuma, sai ta daka busasshen burodi, ta toya garin, ta barbaɗa a kai. Ko ɓarɓashi ba a zubarwa.

Mutanen Sisiliya sun san yunwa. Suna ba da labarin cewa a 1646 aka yi wata babba, har jirgin alkama ya iso tashar ruwa. Mutane ba su iya jiran niƙa ba, suka dafa ƙwayar yadda take, suka ci. Don tunawa da haka, kowace ranar 13 ga Disamba mutanen Palermo da yawa ba su cin burodi ko taliya. Dafaffiyar alkama suke ci, suna kiran ta "kucciya". Kada ku yi dariya, ba tsuntsuwar da kuka sani ba ce!

Abin riƙewa

Sisiliya tsibiri ce ta ƙasar Italiya, tsakanin Turai da Afirka. Girkawa, da Rumawa, da Larabawa, da mutanen Normandi, da na Ispaniya duk sun mulke ta. Mulkinsu ya ƙare, amma irin da suka kawo yana nan a gona da tukunya, domin manoma da mata masu girki sun riƙe shi, sun mai da shi nasu.

Mu koyi kalmomi

tsibiri: une île
mashigin ruwa: un détroit
rumbu: un grenier
dutse mai aman wuta: un volcan
yunwa babba: une famine

Tambayoyi

1. A cikin wane teku Sisiliya take? Wace ƙasar Afirka ce ta fi kusa da ita?
2. Don me aka kira ta rumbun birnin Rum? Su wa ke noman alkamar?
3. Ta yaya Larabawa suka yi noma da rani a tsibirin?
4. Wane yanki na Nijar Al-Idrisi ya ambata cikin littafinsa?
5. Don me ake cin dafaffiyar alkama ranar 13 ga Disamba?

Aikin gida

Ku tambayi kakanninku abu uku da ake sa wa a miya yau, waɗanda babu su a garinku lokacin ƙuruciyarsu. Su wa suka kawo su? Ku tambaye su kuma abin da ake ci a shekarar yunwa. Ku rubuta amsa cikin layi biyar, ku karanta wa ƴan ajinku.