Kasalar Da Ba Ta Ciki Ba: Ciwon Kumburin Tsoka Da Fata

'Yar'uwa mai juna biyu, kowace mace ta san kasalar ciki. Amma akwai wani rashin ƙarfi da ba ciki ke kawo shi ba, kuma a kansa za mu tattauna a wannan fitowar.

Kwanakin baya an kawo mana wata matashiya daga Sanyinna, cikinta wata biyar. Ba zazzaɓi, ba zubar jini. In ta zauna a tabarma sai an kama ta take tashi. Taɓarya ta gagare ta, guga ya gagare ta, ko kallabi sai ƙanwarta ta ɗaura mata. Yatsunta kuwa lafiya lau, har zare take sa wa allura. Wata uku ana cewa son jiki ne irin na cikin fari, wasu suka ce sanyi, wasu suka ce iska. Sai da ta fara ƙwarewa da kunu sannan hankalin mutanen gida ya tashi.

Ciwon da aka gano a jikinta likitoci na kiran sa damatomayosaitis, wato kumburin tsoka da fata. Garkuwar jiki ce, wadda aikinta yaƙi da ƙwayoyin cuta, ke juyowa ta far wa tsokar mai ita da ƙananan hanyoyin jininta. Ba a ɗaukar sa daga wani, ba sammu ba ne, kuma bai yawaita ba. Ma'aikaciyar jinya na iya shekaru ba ta ga ko mutum ɗaya ba. Ya fi kama mata, kuma yakan tashi lokacin ciki ko cikin jego.

Ki lura da inda raunin yake: cinyoyi, ƙugu, kafaɗu da wuya, dama da hagu tare, yana ƙaruwa mako bayan mako. Mai ƙarancin jini takan gaji ta yi haki, amma in ta huta za ta tashi da kanta. Wannan ko ta wuni kwance ba za ta iya ba. Sai kuma fata. Littattafan da muka karanta a makaranta sun ce fatar ido kan yi ja ko shuɗi, amma a fatarmu duhu za ki gani da kumburi, kamar kwalli ya baje. Kan gaɓoɓin yatsu yakan yi kaushi da duhu, haka ƙirji da bayan wuya inda rana ke duka. Shi ya sa nake fara duba hannu kafin komai.

In kin ga haka, kada ki jira ranar awo. Ki je asibiti mafi kusa, a Tambuwal ko Kebbe, ki nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Za a ɗibi jini a auna wani sinadari da tsoka ke saki in tana lalacewa, a duba maƙoƙo da gishirin jini don a cire wasu cututtukan masu kama da shi. Wani lokaci sai an ɗan yanki tsoka an kai ɗakin gwaji. Za a kuma duba huhu, nono da ƙwan mahaifa, domin a wasu manya ciwon kan zo tare da ciwon daji. Wahalar haɗiya ko sarƙewar numfashi kuwa ba sa jiran gari ya waye.

Maganin farko shi ne firedinisolon, kuma mai ciki na iya shan sa bisa ma'aunin likita. Yakan ɗaga suga da jini, don haka awonki zai ƙaru, a riƙa duba girman jariri a na'ura. Kada ki yanke shi rana ɗaya don kin ji sauƙi, a hankali ake rage shi. Kada kuma ki saya a kemis da kanki. 'Yan'uwan wannan magani ne ake sayarwa da sunan "sha ka fashe", kuma shan su barkatai shi kansa yana kashe tsokar cinya. Azatiyofirin da haidiroksikulorokwin ana ba da su ga mai ciki da mai shayarwa. In ciwon ya yi tsanani akwai ƙarin ruwa na sinadaran garkuwa, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan ciwo a 2021, sai dai yana da tsada ƙwarai.

Magunguna biyu ne nake son ki riƙe sunansu: metotirezet da maikofenolet. Suna aiki, amma suna jawo ɓari da naƙasa ga jariri. Wadda ke shan su kada ta ɗauki ciki sai likita ya canza mata magani, kuma an fi son ciwon ya lafa kamar wata shida tukuna, domin ciki a kan ciwo mai tashi yakan ƙare da ɓari ko bakwaini.

Maigida da uwar miji, a ɗauke mata daka da ɗiban ruwa, a raba ta da zafin rana, amma kada a bar ta kwance. Masu gashin jiki za su koya mata motsin da ya dace. Matashiyar nan ta haihu a asibiti kafin watanta ya cika, jaririyar ƙarama amma lafiyayya. Da ta dawo bayan arba'in, da kanta ta hau gadon awo.