Layi 20 kake so, me ya sa ka ɗebo 10,000?

Saura mako biyu difens, malamin da ke duba firojet ɗina ya ce in loda sunaye 10,000 na gwaji a manhajar rajistar ɗalibai da na rubuta da PHP da MySQL. Da ma da sunaye 30 nake gwaji, komai lafiya lau. Ina danna "gaba", sai shafi ya tsaya yana ta juyi. Malam bai ce uffan ba, kallona kawai ya yi.

Laifina ne. Na raba jerin ashirin-ashirin, amma a cikin PHP na yi rabon. Duk dannawa ɗaya, saba za ta ɗebo layi 10,000 daga rumbun bayanai, ta nuna 20, ta zubar da 9,980. Kuma ba ta riƙe abin da ta ɗebo ɗazu, kowace dannawa sabon aike ne.

Gyaran farko, ka bar rumbun ya yi rabon da kansa:

SELECT id, suna FROM dalibai ORDER BY id LIMIT 20 OFFSET 40

Wannan shafi na uku ke nan: cire 1 daga lambar shafi, ka ninka da 20. Kar ka manta da ORDER BY, in babu shi suna ɗaya na iya fitowa a shafi biyu. SELECT * ma ka rabu da shi. Ni hotunan fasfo na cusa a teburin, ina ta jan su alhali jerin ba ya nuna hoto.

Sai ƙirga. Kafin ka rubuta "shafi 3 cikin 500" sai ka yi COUNT(*), amma ba dole ba ne a kowace dannawa. Ƙirga sau ɗaya ka ajiye a $_SESSION, ka sake idan an canza bincike ko an ƙara ɗalibi.

OFFSET ma yana da tasa matsalar. A shafi na 400, sai rumbun ya bi ta kan layi 7,980 kafin ya ba ka naka. Maganinsa, ka riƙe id na ƙarshe da ka nuna, ka ce WHERE id > wannan lambar, da ORDER BY id LIMIT 20. Tunda id ne babban makullin tebur, kai tsaye zai dira wurin. Sai dai ba tsalle daga shafi na 2 zuwa na 300, gaba da baya kawai.

Ni dai OFFSET na bari, don layi 10,000 ba su kai ya wahala ba, kuma malam yana son ganin lambobin shafi a ƙasa.