Kura da Shan Bugu: Darasi Kan Kwantiragin 'Yan Wasa

Hutun da ya wuce na koma gida Kusada, na tarar 'yan ƙungiyarmu ta ƙwallo sun yi jugum-jugum a bakin fili. Ashe golanmu ne ya tafi. Yaron da muka yi shekara huɗu muna karo-karo muna saya masa safar hannu da takalmi, muna biya masa kuɗin mota duk ranar da muke da wasa a Kankia, wata ƙungiya ta birni ta ɗauke shi. Na tambayi kocinmu nawa aka ba mu. Ya ce, "Ƙanena, ko sisi. Wace takarda gare mu?"

Wannan ya sa na zauna na yi nazari, ga kuma abin da na gano.

Ɗan wasan da ke ƙarƙashin kwantiragi, duk mai son sa sai ya biya ƙungiyarsa. Wanda kwantiraginsa ya ƙare kuwa, ya tafi inda ya ga dama a kyauta. Da can ba haka abin yake ba. A 1990 kwantiragin wani ɗan Beljiyam, Jean-Marc Bosman, ya ƙare a RFC Liège, ya so komawa Dunkerque ta Faransa, amma kuɗin da kulob ɗinsa ya nema ya wargaza cinikin. Ya kai ƙara, kotun Tarayyar Turai ta ba shi gaskiya ranar 15 ga Disamba, 1995. A yau dokar FIFA ta ba ɗan wasa damar sa hannu da wata ƙungiya idan saura wata shida kwantiraginsa ya ƙare.

'Yancin nan alheri ne ga ɗan wasa, amma ƙaramar ƙungiya ke ji a jika, don mai kuɗi ke kwashe gwanaye. A Amurka ma haka suke fama a wasan besbol, wanda ake jefa ƙwallo wani ya make ta da sanda. Mai jifa a wurinsu kamar gola yake a wurinmu, in babu nagari an shiga uku. Wasu masu jifa biyu, Andy Messersmith da Dave McNally, su suka buɗe ƙofar 'yancin a 1975, daga baya aka tsayar cewa sai ɗan wasa ya yi shekara shida a babbar gasa kafin ya samu. Ku dubi Gerrit Cole. Ya fara ne a Pittsburgh Pirates, ƙungiyar da aljihunta bai da zurfi. Sun san ba za su iya riƙe shi ba, sai suka miƙa shi ga Houston a farkon 2018, suka karɓi 'yan wasa huɗu. A ƙarshen 2019 New York Yankees ta ba shi dala miliyan 324 na shekara tara. Pirates ba su riƙe shi ba, amma ba su tashi a tutar babu ba.

Wani lokaci kuma dokar kan faɗo wa ƙarami. Ahmed Musa ya rabu da Al-Nassr ta Saudiyya a Oktoban 2020, ya zauna ba ƙungiya. A Afrilun 2021 ya dawo Kano Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010. Da saye ne, ina Pillars za ta samu kuɗin kyaftin ɗin Super Eagles? Abin da ya jawo shi gida ne da 'yan kallo.

To, mu ƙananan ƙungiyoyi mene ne abin yi? Na farko, rajista da hukumar ƙwallo. FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa zuwa wata ƙasa don ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23, amma sai sunan ƙungiya ya fito a tarihin rajistarsa. Na biyu, a rubuta yarjejeniya da ranar farawa da ta ƙarewa, yaro ƙarami kuma mahaifinsa ya sa hannu. Na uku, in kun ga ba ku iya riƙe gwani, ku yi ciniki tun da sauran lokaci.

Ni ban ga laifin golanmu ba, wallahi ko ni ne zan tafi. Sakacinmu ne ya sa muka zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na riga na tsara wa kocinmu takarda mai shafi ɗaya, yanzu rajista muke tara wa kuɗi.

Mu kuma 'yan ajin ƙarshe, nan da 'yan watanni wani zai miƙo mana takardar ɗaukar aiki. Don Allah kafin ku zaro biro, ku duba yaushe za ta ƙare, da abin da za a bi ku in kun tashi tafiya.