Daga Legas Zuwa Kano A Jirgin Sama: Nisa Da Lokaci A Bakin Bahaushe

Ɗalibai 'yan'uwana, musamman mu da ba mu tashi da Hausa a gida ba, akwai kalmomi biyu da suke yawan rikita mu in ana zancen tafiya, wato "ƙarfe" da "awa". Bari mu duba su ta hanyar tafiya daga Legas zuwa Kano.

Tsakanin filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja da na Malam Aminu Kano akwai kimanin kilomita 830, idan aka bi ta sama kai tsaye. A mota kuwa hanyar ta haura kilomita 1,000. Jirgin fasinja yakan yi gudun kusan kilomita 800 a awa ɗaya, don haka mai lissafi zai ce tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintoci. Amma a tikiti za ka ga an rubuta wajen awa ɗaya da rabi. Dalili shi ne, jirgi ba ya wannan gudu tun daga farko. Sai ya gangara a hankali zuwa titin tashi, wani lokaci ya jira layi, sannan ya hau sama, kuma tun da sauran nisa zai fara rage gudu domin sauka. Duk wannan yana cikin lissafi. Ban da hazon hunturu, wanda kan hana jirgi sauka a Kano gaba ɗaya.

To, a nan ne harshe ya shigo. "Ƙarfe" na agogo ne: jirgi zai tashi da ƙarfe 8 na safe. "Awa" ko "sa'a" kuwa tsawon lokaci take nunawa: mun yi awa ɗaya da rabi a sama. Wanda ya ce "mun yi ƙarfe biyu a hanya" ya kauce, malami ba zai raga masa ba. Haka kuma Bahaushe ya fi auna nisa da lokaci. Ka tambaye shi nisan gari, sai ya ce "tafiyar awa uku ce", da wuya ya ambaci kilomita.

Bambancin ya fi fitowa fili a tafiyar Kano zuwa Jidda, hanyar alhazai, mai kimanin kilomita 3,400. Agogon Saudiyya yana gaba da namu da awa biyu, kuma lokacin da ake rubutawa a tikiti na garin da aka ambata ne. A ce jirgi ya tashi daga Kano da ƙarfe 10 na safe, ya yi awa biyar a sama. Zai sauka da ƙarfe 5 na yamma agogon Jidda, alhali a Kano ƙarfe 3 ne na rana. Wanda ya ƙirga daga 10 zuwa 5 zai zaci awa bakwai aka yi.

Aiki: jirgi ya baro Jidda da ƙarfe 9 na dare, ya yi awa biyar. Da ƙarfe nawa za a je tarbar alhaji a Kano? A rubuta amsar cikin cikakkiyar jimla.